Darussan Frankie Manning a bidiyo: sun cancanci datarka, amma ka gyara takalmi da daɓe tukuna

Wanda yake son ganawa da Frankie Manning, shahararren ɗan rawa kuma malamin rawa ɗan Amurka, a yau sai dai ya gan shi a fuskar waya. Ya rasu ranar 27 ga Afrilu, 2009 a birnin Niyok, saura wata guda ya cika shekara 95. Waɗanda suka riske shi da rai a azuzuwan da ya riƙa koyarwa tun daga 1986 sun samu abin da mu ba za mu samu ba, wato dattijo ya tsaya a gabanka, ya dubi ƙafarka, ya ce maka sake. Abin da ya rage mana bidiyoyinsa ne, kuma a kansu wannan sharhi yake. Mun auna su da bukatar mai koyo a Kano: mai tsara rawa a masana'antar fim, ɗan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makaranta, ko matashin da ya ci karo da guntun tsohon fim a TikTok ya ce shi ma sai ya iya.

A cikin masu koyar da rawar suwing, wato rawar da ake yi da wani salon kiɗan jaz na Amurka, da suka cika intanet, babu wanda ya kamata a fara da shi kamar wannan tsohon. Sai dai bidiyoyin an ɗauke su ne don mutanen da ke da ɗakin rawa mai daɓen katako, da takalmi mai santsi, da malami a kusa. Mu a nan tayil gare mu da siminti da kambas mai tafin roba. Duk wanda ya kwaikwayi abin da ya gani bai gyara waɗannan ba, zai ji a gwiwarsa.

An haifi Manning ranar 26 ga Mayu, 1914 a Jacksonville ta jihar Fulorida, ya tashi a unguwar Harlem ta birnin Niyok, inda baƙaƙen fatar Amurka suka ƙirƙiro rawar Lindy Hop, rawar suwing ta mutum biyu, a ƙarshen shekarun 1920. Makarantarsa ita ce zauren rawa na Savoy da ke titin Lenox, wanda aka buɗe a 1926 aka rufe a 1958. Dandamalin makaɗa biyu ne a zauren, waɗannan na ajiye ƙaho waɗancan na ɗauka, don haka kiɗa ba ya yankewa, kuma baƙi da fari suna taka daɓe ɗaya a zamanin da wariya ta hana haka a yawancin wurare. A can ne a 1935, cikin wata gasa da ya kara da gwanin rawa Shorty George Snowden, ya mirgino abokiyar rawarsa Frieda Washington ta gadon bayansa ta dira daidai kan kiɗa, Chick Webb na kan ganga. Shi ne kuma ya sunkuyar da rawar. Kafin shi a miƙe ake yin ta, shi ya karya ƙugu ya miƙa jiki gaba kamar mai shirin tsere. Ya tsara rawa ga ƙungiyar Herbert White, ya yi soja a Yaƙin Duniya na Biyu, ya kafa tasa ƙungiyar a 1947, da kasuwar suwing ta faɗi sai ya kama aikin gidan waya a 1955, ya shekara talatin a can. A 1986 wasu matasa biyu daga Kalifoniya, Erin Stevens da Steven Mitchell, suka nemo shi suka roƙe shi ya koya musu. Daga nan bai sake zama ba: lambar yabo ta Tony, ta wasannin dandamali a Amurka, a 1989, da tafiya sansanin rawa na Herräng a Suwidin shekara bayan shekara.

Wannan tarihin yana da nasaba da yadda yake koyarwa. Mutum ne da ya koyi rawa a fili ta hanyar kallon manya, kamar yadda ɗan makaɗi ke koyon kalangu a bayan ubansa, kuma bai fara koyar da kowa a aji ba sai da ya haura saba'in. Shi ya sa ya fi rera kiɗan da baki fiye da ƙirga lamba. Za ka ji yana fitar da sautin takun da harshe kafin ƙafa ta yi shi. Bature mai neman lissafi yakan sha wuya da wannan salon, amma ga Bahaushen da ya saba jin ganga tana magana, nan ne darussan suka fi daɗi.

Kayan kala uku ne, kuma ba su zo ɗaya ba. Akwai guntun fim ɗin Hellzapoppin' na 1941, wanda shi ya tsara rawarsa: mutum takwas, biyu-biyu, sanye da kayan kuku da na masu aikin gida, shi da Ann Johnson ne na ƙarshe. Wannan na kallo ne kawai. Saurin kiɗan ya haura bugu 300 a minti ɗaya, kuma abin da ake gani aikin mutanen da suka yi shekaru suna atisaye tare ne. Ka kalle shi don ka san inda rawar ta kai, kada ka ɗauki darasi a ciki. Akwai kuma jerin darussan da ya ɗauka tare da Erin Stevens a shekarun 1990, waɗanda suka fito a kaset ɗin bidiyo, daga baya a faifan DVD. Su ne karatu mai tsari, daga tushe zuwa sama, amma galibinsu na rawar mutum biyu ne. Na uku su ne guntayen da ɗalibai suka ɗauka a tarurruka, inda yake tsaye a gaban cincirindon mutane yana jan wata rawa mai suna Shim Sham. Hotonsu na rawa, sautinsu na amsa-kuwwa, amma su ne suka fi amfani a Kano.

Da wuya ka samu ɗaya daga cikinsu a wurin masu turi a Farm Centre, don ba hajar kasuwarsu ba ce. YouTube ce hanya mafi sauƙi, ka rubuta sunansa haɗe da Shim Sham. Kada ka ƙona data wajen neman hoto mai kaifi, domin asalinsu daga kaset ne, 360p ta isa, kuma awa guda a haka kimanin megabait 300 take ci. Babban cikas shi ne harshe. Komai da Turanci ne, cikin karin tsofaffin Harlem, kuma rubutun da YouTube ke yi da kanta yakan rikice duk lokacin da ya fara rera kiɗa da baki. Wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba ya bar kunne ga kiɗa, ya sa ido a ƙafa.

Dalilin fifita Shim Sham a bayyane yake. Rawar mutum ɗaya ce da ake yi a jere, babu riƙe hannu, babu taɓa juna. A garin da namiji ba ya taɓa mace a fim, kuma Hukumar Tace Fina-finai na sa ido a kan haka, wannan ce ƙofar da ta dace da mu: maza su jera nasu layin, mata su yi nasu a cikin gida ko a taron mata zalla. Asalinta rawar masu takalmin ƙarfe ce, ana danganta ta da Leonard Reed da Willie Bryant a ƙarshen shekarun 1920. Manning ne ya yaɗa sigar da ba ta bukatar ƙarfe a tafi, har ta zama abin da masu suwing na duniya ke haɗuwa a kai. Waƙar da aka fi yin ta da ita ita ce 'Tain't What You Do ta Jimmie Lunceford, ta 1939, mai saurin wajen bugu 160 a minti.

Kafin taku, sai an gyara ƙirga, kuma a nan Hausa ta ba mu wata dama da Turanci bai da ita. Lambobinmu daga ɗaya zuwa takwas duk gaɓa biyu-biyu ne: ɗa-ya, bi-yu, u-ku, hu-ɗu, bi-yar, shi-da, ba-kwai, ta-kwas. Gaɓar farko ta faɗa kan bugu, ta biyu ta faɗa tsakanin bugu da bugu. A kiɗan suwing ana raba kowane bugu gida uku, a ba gaɓar farko biyu, a ba ta biyu ɗaya. Wato sai an ja ta farko an datse ta biyu: ɗaa-ya, bii-yu, uu-ku. Matsalar ita ce bakin Bahaushe ya saba da akasin haka a biyar da bakwai da takwas, inda ta farko ce gajera, ta biyu mai nauyi. Idan ka furta su yadda ka saba, takun tsakiya zai riga kiɗa sauka, rawar ta koma kamar faretin soja. Ka zauna minti biyar kana ƙirgawa da waƙar, kana jan baa-kwai da taa-kwas da gangan, kafin ka miƙe. Tafi kuma a kan biyu da huɗu da shida da takwas ake yi. Mai tafawa a kan ɗaya da uku ya juya kiɗan baibai, kuma duk ɗaki zai ji.

Rawar zango huɗu ce, kowane zango ƙirgar takwas sau huɗu, jimilla bugu 128. A saurin waƙar daƙiƙa 48 ke nan. Idan ka rage saurin bidiyon zuwa 0.75, ya koma bugu 120 a minti, daƙiƙa 64, kuma nan ya kamata mai koyo ya zauna makonnin farko. Kada ka sauka zuwa 0.5 sai don duba ƙafa a wuri ɗaya, domin a wannan saurin lilon kiɗan ya mutu. Abin da ke fara rikita mutane shi ne a kan takwas ake tashi, ba a kan ɗaya ba. Kowane taku da za a bayyana a ƙasa daga takwas yake farawa ya ƙare a bakwai.

Zangon farko: nauyi na kan hagu, gwiwa a sassauce. A takwas ka ɗora tafin dama gaba kaɗan, kamar tsawon tafi ɗaya, ba tare da ka ba shi nauyi ba. A ɗaya ka jawo shi baya yana gogar ƙasa, ka tsaya a kansa. Biyu da uku hagu ta yi haka. Huɗu da biyar dama, shida da bakwai dama kuma. Wato dama, hagu, dama, dama. Takwas na biyu ya juya: hagu, dama, hagu, hagu. Na uku ya koma kamar na farko. Tarko biyu ne a nan. A biyar, ƙafar da ta dawo ba ta karɓar nauyi, tunda ita za ta sake fita. A bakwai na takwas ɗin uku ma haka, dama ta dawo ta taɓa ƙasa kawai, domin da ita za a shiga birki. Wanda ya ɗora mata nauyi a nan zai tsinci kansa da ƙafar da ba ita ba, ya yi ta ɗingishi har ƙarshen zango.

Birki shi ne takwas ɗin da ke rufe zango, kuma sigarsa mai sauƙi ita ce: taka dama a takwas, taɓa da hagu a ɗaya, taka hagu a biyu, taɓa da dama a uku, sannan taku huɗu a jere, dama, hagu, dama, hagu, daga huɗu zuwa bakwai. Akwai siga mai ɗan tsalle da za ka gani a ƙafar wasu, a bar ta sai an ƙware. Muhimmin abu shi ne a bakwai nauyi ya kasance a hagu.

Zango na biyu turi ne da tsallake. Ka karkata zuwa dama, ka tura ƙugu gaba a kan ƙafar dama a takwas, ka dawo kan hagu a ɗaya, ka maimaita a biyu da uku, ka taka dama a huɗu, ka harba hagu a biyar, ka tsallaka da ita ta gaban dama a shida, ka buɗe da dama a bakwai. Sai a yi ta hagu, a sake yi ta dama. Takwas na huɗu a nan babu birki, tsallake biyu ne a jere ba turi. Kuskuren da aka fi yi shi ne tura ƙirji da kafaɗa maimakon ƙugu. Dubi Manning da kyau: kansa kusan a wuri ɗaya yake, ƙasan jiki ne ke tafiya ya dawo.

Zango na uku shi ake kira Tacky Annie. A nan ne gaɓar biyu ta fara aiki: a kan "kwai" na bakwai dama ta buɗe gefe, a kan "ta" na takwas hagu ta buɗe. Sai taɓa baya da dama a ɗaya, dawo da ita a biyu, hagu baya a uku, dawo a huɗu, dama a biyar da shida, hagu baya a bakwai, amma wannan karon da nauyi a kanta don dama ta samu sararin buɗewa. Sau uku, sai birki. Jiki ya zauna a tsakiya, kamar mai shirin zama kan kujera 'yar tsugunno. Wanda ya bi ƙafar baya da jikinsa duka ba zai dawo a kan lokaci ba.

Zango na huɗu rabin birki ne: faɗa gaba kan dama a takwas, koma kan hagu a ɗaya, harba dama a biyu, taka da gaban tafin dama a kan "yu", taka hagu a uku. Bugu huɗu ke nan, a yi sau biyu ya cika takwas, sai cikakken birki, sai a sake duka biyun.

Zagaye na biyu maimaicin na farko ne, sai dai duk inda cikakken birki yake a daskare a tsaya cak. Wannan tsayuwar ta fi takun wuya, don mutane kan daina ƙirgawa da zarar ƙafa ta tsaya, su makara wajen tashi a takwas. Bayan haka sai kashi na ƙarshe mai ƙirgar takwas sau takwas, inda ake ja da baya ana tafa hannu a dawo gaba sau biyu, a sake ja da baya a dawo da tafiyar Shorty George sau biyu, gwiwoyi a haɗe suna karkata gefe zuwa gefe, jiki a ƙasa. A bidiyon daga nan kowa ke kama abokin rawa, Manning na kiran a daskare ko a rage sauri. Mu a nan sai a ci gaba da rawar ɗaiɗai, kiran nasa na aiki a haka ma.

Abubuwa biyu na waya suna ɓata karatu ba tare da mai koyo ya gane ba. Idan malami na fuskantar kyamara, damarsa tana hagunka. Wanda ya bi shi kamar madubi zai haddace rawar duka da ƙafar da ba ita ba, kuma warware wannan ya fi koyon farko wuya. Maganin mai arha ne: jingina wayar tana fuskantar madubin ɗaki, ka kalli hoton da ke cikin madubin, sai dama ta koma dama. Na biyu sifika ce mai Bluetooth. Sautinta yakan makara da kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, alhali bugu ɗaya a saurin 160 bai kai kashi biyu cikin biyar ba. Wato kana ganin ƙafa ta sauka, kunnenka na jin bugun bayan rabin bugu ya wuce. Lokacin kallon darasi a haɗa sifika da waya ta igiya, ko a bar sautin wayar kanta. In kiɗa kaɗai ake bi ba hoto, Bluetooth ba ta da laifi.

Batun daɓe ne bidiyoyin suka fi barin mai koyo a duhu, don ba su ce komai a kai ba. Daɓen Savoy katako ne mai ɗan lotsawa, kuma saboda yawan taku ana sauya shi duk bayan shekara uku. Siminti da tayil da tarazo ba sa lotsawa, duk dirar da ka yi ƙwaurinka da gwiwarka ne ke shanye ta. Alamar farko zafi ne a gaban ƙwauri washegari, kuma wanda ya ji shi ya huta kwana biyu ko uku, kada ya yi taurin kai. Kafet yana riƙe ƙafa. Ledar ɗaki tana tattarewa ta yage a zangon farko, inda ake jan tafi. Safa a kan tayil hanyar asibiti ce, haka ma barbaɗa hoda don a samu santsi. Lokacin hunturu ƙura kan sa tayil ya yi santsi a wani wuri ya riƙe a wani, don haka a share, a goge da tsumma mai ɗan danshi, a bari ya bushe sarai.

Abin da ya fi shi ne fallen filawud mai ƙafa huɗu da takwas, kaurin milimita 18, irin wanda ake samu a 'Yan Katako ta Na'ibawa. Ka zaɓi wanda bai kumbura ba, ka ɗaga shi ka duba ta gefe ko ya miƙe. A shimfiɗa shi a kan tsohon kafet ko tabarmar roba mai kauri don ya ɗan lotsa kuma kada ya zame. Kafinta ya goge fuskar da gefunan da samfefa, amma kada a shafa masa fenti mai sheƙi, don yakan yi danƙo da zafi. Falle ɗaya ya ishi mutum ɗaya, in ya tsaya ta tsawonsa saboda ja da baya. In an haɗa biyu, a manne tsagar da salatif mai faɗi, in ba haka ba bakin takalmi zai sarƙe. Da damina a ɗaga shi daga ƙasa mai danshi, don da ya sha ruwa ya kumbura ya gama aiki.

Takalmi kuwa, a nan Kano ta fi garuruwa da yawa sa'a, tunda garin fata ne. Kambas mai tafin roba yana kama ƙasa, ƙafa ta tsaya yayin da jiki ke juyawa, murɗar ta sauka a gwiwa. Silifas da duk takalmin da ba ya riƙe dunduniya ba su shigo lissafi ba. Sau-ciki mai tafin fata zalla yana da kyau a kan katako amma ya cika santsi a tayil. Mafita ita ce a samu kambas mai shafaffen tafi, marar kunya-kunya, a Ƙofar Wambai ko Sabon Gari, a kai wa shumeka ya manna masa fatar suwed, wato mai ɗan gashi-gashi, kaurin milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Shumeka ya saba a kawo masa takalmi don a hana shi zamewa, don haka in ba a yi masa bayani ba roba zai ƙara. Ka ce masa: "Malam, ba gyara na kawo ba, santsi nake so. Ka manna fata daga tsakiyar tafi zuwa yatsu, gashin na kallon ƙasa, ka bar mini dunduniyar da robarta." Dunduniyar roba ita ce abin tsayawarka a kan tayil. Wanda ke da filawud zai iya sa a rufe tafin duka.

Ka tsaya a yi a gabanka, don wurare uku ne aikin ke lalacewa. Dole a kankare tafin robar da samfefa har sheƙinsa ya mutu, a goge ƙurar, in ba haka ba gam ba zai kama ba. Gam ɗin shumeka mai danƙo za a sa, a shafa wa tafi a shafa wa fata, a bar su minti goma zuwa sha biyar har ya daina bin yatsa, sannan a haɗa a buga da guduma daga tsakiya zuwa gefe. Mai gaggawa yakan haɗa su da gam ɗanye, kwana biyu fatar ta fara ɓallewa daga baki. Sufa gulu kuma yana bushewa ya yi tauri ya tsage a inda tafi ke lanƙwasa. Na uku, a yanke fatar ta shiga ciki kaɗan daga gefen tafi, don gefen da ya leƙo shi ke fara tashi. A bar takalmin kwana ɗaya cur kafin a taka rawa da shi. Daga nan ya zama na ɗaki kaɗai: a ɗauke shi a jaka, kada ya taka titi ko ruwa. In fatar ta daddaɓe ta yi sheƙi, a tayar da gashin da burushin waya, daga yatsu zuwa baya.

Darussan mutum biyu na da kyau ga wanda ke da inda zai yi su, kamar miji da mata a gidansu, ko abokai biyu maza, ko mata biyu. Jan rawa da bin ta matsayi ne da kowa zai iya koya, kuma tsofaffin Savoy biyu, Al Minns da Leon James, sun sha nuna rawar tare su biyu a gaban kyamara. Tushen bugu takwas ne: taku biyu, taku uku a bugu biyu, taku biyu, taku uku kuma. Amma a nan bidiyo ya gaza, don nauyin da hannu ke ji daga hannu ba ya fitowa a hoto. Masu koyo kan fizgi juna da damtse maimakon jiki ya ja jiki, kafaɗa ta yi ciwo. Gwiwar hannu ta zauna kusa da haƙarƙari, kada a bari ta miƙe sambal.

Cilla mutum sama kuwa, a bar shi. Wanda ya taɓa ganin 'yan Koroso suna hawa kafaɗar juna ya san ba a rana ɗaya suka kai nan ba. Manning da Frieda Washington ma katifa suka shimfiɗa a ƙasa suka yi ta faɗuwa a kai kafin su fito da nasu, kuma irin wannan na gasa ne da dandamali. Ba malami a tsaye, ba mai tarewa a gefe, ga tayil a ƙasa, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ranar haihuwarsa, 26 ga Mayu, ita masu wannan rawa suka mayar Ranar Lindy Hop ta Duniya, kuma Shim Sham ce aka fi haɗuwa a kai. Ƙungiyar da ke son ta yi nata a Kano ta fara tun Maris: zama uku a mako, minti talatin kowanne, zango ɗaya a mako, mako na biyar a haɗa su, na shida a koma cikakken sauri. Watannin nan zafi kan kai digiri 40, don haka bayan Asuba ko bayan La'asar sakaliya ya fi, da ruwa a kusa. A kowane zama a ajiye waya a tsayin gwiwa, taku huɗu daga baya, a ɗauki ƙafafu, a duba biyar da bakwai na zangon farko. Wanda ya fi iyawa ya tsaya a gaba ya ba sauran baya, ya ɗaga murya ya ƙirga musu biyar, shida, bakwai, dama ta fita a takwas.